Shinkafar da Inak Ta Tauna

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Yau na koma aiki. Rabona da aji tun kafin in haifi Ayuni, yaran da na bari a aji biyu har sun zama 'yan aji uku, sun ƙaro rashin kunya a hannun wani. Suna hango babur ɗina suka yo kaina, "Bu Guru ta dawo," haka suke kiran malama, kamar ba su ne suka fara sa ni furfura ba.

Tsarin da muka yi da Inak shi ne in ba Ayuni madararta ta roba kafin in fita, in an tashi tara in dawo a guje in ba ta ta biyu, in koma. Aikin Inak rarrashi da jijjiga kawai. Uwata ce, ta haifi bakwai ta raine mu ita kaɗai bayan rasuwar Amak, mahaifinmu, ba abin da take tsoro a garin nan, amma robar da ta bi ta hancin jikarta zuwa ciki ko da tsinke ba ta taɓa ta. Tsutsa take ce mata. "Haeriah, zo ki ba tsutsarki abinci," haka take kirana in lokaci ya yi.

Watan Ayuni takwas, jikinta na ɗan wata uku. Girarta haɗe take, gashin idonta zara-zara, duk wanda ya leƙa sai ya yaba. Likita ya ce girar ma cikin ciwon take. A halittarta yake, ba kamuwa ta yi ba, ba kuma wani abu na ci da cikinta ba. Sunan wata likita 'yar Holan aka sa masa. Ranar da na gaya wa Inak ta ce, "Da Turawan Holan ɗin suka tattara nasu suka bar mana ƙasa, wannan ne suka manta ba su ɗauka ba?" Tun daga nan take kiran yarinyar 'yar Holan.

Inda ciwon ya fi kama mu shi ne haɗiya. Abin da ta haɗiye ba duka ke sauka ciki ba, wani huhu yake bi. Tana wata uku ta kwanta asibiti a kan haka, shi ne aka sa robar, aka ce kada a ba ta komai ta baki, ko ruwa. Kullum da yamma nakan ɗora kunne a ƙirjinta in saurara.

Ƙirjinta shiru yau.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan Magariba

Inak Sahdan ta gidan baya ta shigo da jikanta a kafaɗa, ta zauna a rumfa suna ɗaure ganyen taba da Inak. Yaron nan watansa shida, cinyarsa ta kai kugun Ayuni, kuma ta san haka, shi ya sa take zuwa da shi ba wando.

Ta dubi Inak, ta kira ta yadda muke kiran kaka, ta ce, "Papuk Ayuni, wai har yau jikar taki ta hanci take cin abinci? To bakin fa, na ado ne?"

Inak ba ta ɗago ba ta ce, "Naki da yake aiki safe da yamma, me ya taɓa tsinana wa unguwar nan?"

Aka yi dariya har da ita Inak Sahdan ɗin. Amma bayan ta tafi Inak ta yi jugum, ganyen yana hannunta ba ta ɗaurewa. Can ta ce mu bakwai ba wanda ya yi arba'in a duniya ba ta tauna masa shinkafa ba. Ta tauna sai ta yi laushi, ta ƙunshe a ganyen ayaba, ta gasa a garwashi, ta riƙa lakata mana da yatsa. Haka uwarta ta yi mata. Ta ce yaro sai ya ci abin da ya fito daga bakin nasa yake sanin su waye nasa, kuma ciki ba ya zama ciki da ruwan madara.

Na ce, "Inak, likita ya ce..."

"Shi likitan da sirinji uwarsa ta raine shi?"

Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba. Ƙirjin Ayuni shiru.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Mahsun, mijina, ya kira daga gonar kwakwar manja a Malesiya. Ya ce in juya wayar ya ga 'yarsa, ya ce ta yi kumatu. Ba ta yi ba, filastar da ta riƙe robar ce ta tura fatar. Na bar shi da kumatunsa.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Azahar

Inak ta daina taunar sirih da safe, ganyen nan da take ci kamar goro. Tun da na buɗe ido a duniya bakinta ja yake kafin ta gama lazimi, yau kwana uku ke nan ina fita in bar shi fes, har da goge haƙora da bawon kwakwa. Sai na dawo da azahar take buɗe akwatin ganyenta.

Na ce, "Inak, miji kika samu ba mu sani ba?"

Ta ce, "In na samu ke zan fara gaya wa, tunda naki a waya yake zaune."

Ta daɗe ba ta yi fara'a irin ta kwanakin nan ba. Har waƙa na ji tana yi wa yarinyar.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Da na dawo tara, kicin yana ƙamshin gasasshen ganyen ayaba. Kifi muke gasawa a cikinsa, kuma ba mu sayi kifi ba a makon nan. Akwai ɗan ƙonannen ganye a cikin toka, an tura shi can ƙarƙashi.

Ayuni tana barci lakadan. Da na ba ta madara ta dawo da kusan rabi.

A makaranta muna ta shirin ranar 'yancin kai. An ba ni kula da gasar cin kerupuk, soyayyen abin nan mai ƙaras-ƙaras, na sayo igiya, na sayo kerupuk buhu guda, shugaban makaranta ya ce ya yi yawa, shi kuma ya cinye biyar yana maganar. Fentin ƙofar makaranta bai bushe ba yara sun shafe shi da riguna.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Ina yi mata wanka na sami gutsuren ƙwayar shinkafa a lanƙwasar wuyanta. Na daɗe da shi a kan yatsa, sannan na wanke hannu.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan La'asar

An yi gasa. An rataya kerupuk a igiya, yara hannu a baya suna tsalle suna kai baki. Iyaye suna ihu, ni kuwa wuyan yaran nake kallo, yadda abu ke wucewa ba wanda ya lura. Suna ci suna dariya suna haɗiya a lokaci guda, ba wanda ya koya musu. Na yi kishin yaran mutane, abin kunya ne amma na yi.

Da na dawo na ɗora kunne. Akwai ɗan sauti can ƙasa, kamar ruwa ya fara zafi a tukunya. Wataƙila hayaƙin masu gasa ganyen taba ne, ya cika garin.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan Magariba

Muna cin abinci a rumfa, ba wanda ya ɗauko maganar, Inak ta ce, "Yarinyar nan fa ba ta ƙwarewa. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta yi tari ba. Yaron da abu ya bi masa wata hanya ai tari yake har ya yi ja, na gani ya fi a ƙirga. Likitocin nan tsoro kawai suke ba mutane."

Na ce, "Da me za ta ƙware, Inak?"

Ta ce, "Da yawu mana."

Na ƙara mata miya. Na so in yi magana, na kuma so abin da ta faɗa ya zama gaskiya.

Laraba, 20 ga Agusta, da asuba

Jikinta zafi. Ƙirjinta ba shiru ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da rana

Muna babban asibitin birni. An sa mata iska ta ɗayan hancin.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan La'asar

Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a hasken taga, ya nuna mini fari-fari a gefen dama. Ciwon huhu ne irin na farko, ya ce, amma wannan ya fi nisa. Haƙarƙarinta yana shiga yana fita, leɓenta ya canza launi, kukan ma ba ta da ƙarfinsa.

Ya tambaya a hankali, ba da faɗa ba, "An ba ta wani abu ta baki?"

Inak tana tsaye a bayana. Ina jin ƙarar awarwaronta tana gyara ɗankwali.

Na ce, "Ni ban ba ta ba."

Ya dube ni, bai dubi bayana ba, ya rubuta abin da zai rubuta. Da ya fita Inak ta ce za ta je ta nemo mana ruwan zafi. Ba ta dawo ɗakin ba. Na same ta a barandar waje kan tabarma, cikin matan da suke jiran nasu.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Mahsun ya kira. Ya tambayi zazzaɓi, ya tambayi iska, sannan ya kira ni da sunan 'yata ya ce, "Inak Ayuni, ki gaya mini gaskiya. Ta ina abu ya shiga huhunta, bayan roba take ci?"

Na ce layin yana yankewa. Ya ce yana ji na sarai. Na ce to ni ba na jin sa.

Ina tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko a kwanciyar farko, don lokacin ban gama sanin ta ba. Yanzu na san yadda take naɗe 'yan yatsunta a gashina, na san inda take son a shafa mata a gira.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Zazzaɓi ya sauka. Ta kama yatsan nas ta ƙi saki.

Inak kullum tana kawo abinci ta miƙo daga bakin ƙofa. Nata ƙunshin yana dawowa yadda ya tafi.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan La'asar

Yau aka yi hoton haɗiya. Bu Komang ce ta yi, wata 'yar tsibirin Bali mai ƙaramin jiki da aikinta ke nan, koya wa yara da tsofaffi haɗiya. Kafin a fara ta tambaye ni wa ke zama da yarinyar in ina aiki. Na faɗa. Ta fita baranda da kanta, ta durƙusa gaban tabarma ta ce, "Papuk, zo ki taya ni kallo, idona ni kaɗai ba ya isa."

Aka zaunar da Ayuni a wata 'yar kujera, aka tsayar da mu bayan gilashi gaban talabijin. Ga ƙashin kanta, ga wuyanta, ana gani ta ciki. Aka ba ta wani farin ruwa mai kauri a bakin cokali. A talabijin baƙi ya fito. Ya taru a bayan harshe, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya rabu biyu. Kashi ɗaya ya bi baya. Wani siririn zare ya bi gaba ya gangara.

Bu Komang ta sa yatsa a kan zaren ta ce, "Nan hanyar iska ce."

Ayuni kuwa tana zaune abinta tana kallon fitila.

Inak ta ce, "Ba ta yi tari ba."

"Ba ta yi ba, Papuk. Maƙogwaronta ba ya jin abu ya shiga, shi ya sa ba ya korar sa. Wani yaron zai yi tari ya tsorata kowa, ya tsira. Ita shiru za ta yi, har ta yi barci."

Inak ta matso har hancinta ya kusa taɓa talabijin. Ta ce a sake nuna mata. Aka mayar da hoton baya, ta kalla, aka sake mayarwa. Bayan nan ta riƙe gefen tebur.

Daga baya Bu Komang ta zaunar da mu. Madarar roba ma in ta yi yawa a ciki takan taso ta bi hanyar iska, don haka daga yanzu kaɗan-kaɗan za a riƙa ba ta, sau da yawa, a zaune, a bar ta ta sauka a hankali. Guduna na lokacin tara ba zai isa ba ke nan. Ta ce kuma kada a ajiye ta a ɗaki in ana cin abinci. A zaunar da ita a tsakiya, ta ji ƙamshi, ta ga bakin mutane yana motsi, don baki ma koyo yake yi, wata rana a sake hoton a ga inda aka kai. Ta dubi Inak ta ce, "A nemo mata wanda ya fi kowa iya tauna a gidan ya zauna gabanta."

Inak tana kallon ƙafarta.

Asabar, 30 ga Agusta, da yamma

Mun dawo gida. Ƙirjinta da ɗan saura, amma likita ya ce zai washe.

Talata, 2 ga Satumba, bayan Magariba

Bakin Inak ja tun asuba. Sirih kawai take tauna, abinci loma biyu ta ce ya ƙi wucewa. Ba ta ɗauki Ayuni ba tun da muka dawo. In yarinyar ta yi kuka sai ta tsaya daga nesa ta ce, "Haeriah, 'yarki."

Shugaban makaranta ya aiko, ya ce Litinin mai zuwa ko in dawo ko a ba wata ajin. Na gaya wa Inak muna shanya. Ta ce ita ma dama tana so ta gaya mini, bayan Mauludi za ta koma wajen yayana a kan dutse, matarsa na bukatar hannu a gonar albasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Albasa ce ta fi bukatarki?"

Ta ce, "Albasa ba ta da huhu."

Na ce, "Inak, ni fa ban tambaye ki komai ba."

Ta matse rigar da ke hannunta har ruwa ya ƙare, ta ci gaba da matsewa. Ta ce, "Da kin tambaya, da ya fi mini sauƙi."

Ban tambaya ba. Na ce mata dai ba ni da wata uwar, Ayuni kuma ba ta da wata Papuk a kusa, in ta tafi zan ajiye aikin, shi ke nan. Muka gama shanyar ba mai kallon wani.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan La'asar

Mauludi. Maza sun tafi masallaci da tire-tire a ka, mata muka zauna a rumfar Inak Sahdan, huɗu-huɗu a faranti guda. Na zo da Ayuni na jingina ta da matashi a tsakiyarmu kamar yadda Bu Komang ta ce. Inak Sahdan ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskar Inak, ta cusa naman kaza a ciki. Allah ya saka wa kazar nan.

Ayuni ta bi kowace loma da ido, daga faranti har baki. Inak tana satar kallonta.

Asabar, 6 ga Satumba, da hantsi

Ina haɗa madara Inak ta tsaya a kaina, hannu a baya.

"Wannan baƙin layin na jikin tsutsar na mene ne?"

Na ce shi ke nuna ba ta zame ba. In ya matsa daga bakin hanci, ba a zuba komai.

"Me ya sa kike fara ja kafin ki zuba?"

Na nuna mata. Ta ce in sake. Da za a ba Ayuni madarar gaba Inak ta ce in matsa, wai haka ake riƙe abu? Ta yi bisimilla sau uku kafin ta ɗaga sirinjin.

Ba ta sake zancen albasa ba.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan Azahar

Na koma aji. Ban iya jira ba, ana tashi tara na hau babur.

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin gasasshen ganyen ayaba. Ban san yadda na sauka ba, babur ɗin dai na same shi kwance daga baya.

Suna rumfa. Ayuni a jingine da matashi, Inak zaune dab da ita, hannun hagu a sama riƙe da sirinji, madara tana sauka a hankali. A kan gwiwarta ga ganyen a buɗe, gefensa ya ƙone, shinkafa a ciki tana tururi. Bakin Inak fes, ba ja.

Ban yi sallama ba. Na durƙusa na buɗe bakin 'yata da yatsa, a gaban uwata, na duba harshe, na duba kumatu, na duba dasashi. Ba komai sai yawu.

Kunya ta kama ni, na kasa ɗagowa. Inak ta ce, "Duba da kyau. Gobe ma ki duba. Kullum ki duba, kada ki ji nauyina."

Ta lakaci shinkafar da yatsa, irin lakatar da ta yi mana mu bakwai, ta kai kusa da hancin Ayuni ta tsaya kaɗan, sannan ta sa a nata bakin. Ta kawo fuskarta gaban yarinyar tana tauna a hankali, baki a buɗe, da gangan. "Kalli nan, 'yar Holan. Haka ake yi." Ta ɗaga haɓa don a ga wuyanta, ta haɗiye.

Na ce, "Inak, wa kika gasa wa?"

"Tata ce," in ji ta. "Ni nake ci mata kafin ta iya."

Ayuni tana kallon bakin kakarta ba ƙiftawa. Can sai ƙaramin muƙamuƙinta ya motsa, sama da ƙasa, ba komai a ciki. Inak ta gani, hannunta da ke riƙe da sirinji bai sauko ba, ta goge ido da kafaɗa ta sake lakato wata.

Na makara komawa aji. Kafin in tashi na ɗora kunne a ƙirjinta. Shiru.